Dodanni masu rikiɗa a littafin Monster Manual: yadda muka same shi a Katsina

Kusan shekara guda ke nan da nake amfani da littafin Monster Manual, bugun 2014 na kamfanin Wizards of the Coast, wajen jagorantar wasan Dungeons & Dragons a zauren gidanmu da ke unguwar Ƙofar Ƙaura. Wasan, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fara fitarwa a Amurka a 1974, labari ne da ake ginawa tare: jagora yana bayyana duniya da abin da ke cikinta, kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi guda, sannan a jefa ƙwaya irin ta lido mai fuska 20 domin a san ko yunƙurin jarumi ya yi nasara. Ba a sa kuɗi a ciki, kuma na faɗi haka ne domin ita ce tambayar farko da manya suke yi mana. Littafin, wanda kundi ne na dodannin da jagora ke sakawa a wasan, yana da shafi 352, amma sharhina zai tsaya a kan dodanni masu rikiɗa, domin su ne suka fi gwada ƙwarewar jagora.

Wanda ya fi burge ni shi ne wanda littafin ya kira doppelganger, mu kuwa muke ce masa ɓarawon kama. Yana ɗaukar siffar duk mutumin da ya taɓa gani, yana jin abin da ke yawo a zuciyar wanda ke tsakanin ƙafa 60 da shi, kuma idan aka kashe shi sai ya koma ainihin halittarsa. Hikimar marubutan tana cikin iyakar da suka sa masa: yana samun fuska da jiki, amma ba ya gadon harshe, ko ɗabi'a, ko abin da mai siffar ya sani. Wannan iyaka ita ce ƙofar da 'yan wasa za su bi su gano shi, kuma a wurin Bahaushe ƙofa ce mai faɗi, domin rayuwarmu cike take da ƙananan al'adu da baƙo ba zai riƙe su duka ba.

Na gwada hakan wani dare bayan sallar isha'i. Na sa dodon ya ɗauki kamar mahaifiyar ɗaya daga cikin jaruman, ta tarbe su da ruwa da fura, ta yi musu sannu da hanya, sannan na sa ta kira jarumin da sunansa na yanka, alhali shi ne ɗanta na fari. Zauren ya yi tsit. Ƙanena, wanda ke riƙe da jarumin, ya ajiye fensirinsa ya dube ni ya ce: "Yaya, Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba." Babu ƙwayar da aka jefa, alkunya ce ta tona asirin, kuma har yau ban ga wani yaƙi da muka yi a wasan ya kai wannan lokacin armashi ba.

A nan ne kuma nake ganin littafin ya taƙaita. Ya yi bayani dalla-dalla a kan ƙarfin duka da yawan raunin da dodo zai jure, amma shawarar yadda jagora zai riƙe murya biyu a baki ɗaya, ya yaudari 'yan wasa ba tare da ya zalunce su ba, kaɗan ce. Dodon da ke zama akwati ko ƙofa ya manne wa wanda ya taɓa shi, wato mimic, sau ɗaya yake ba da mamaki, daga nan 'yan wasa sai su riƙa zungurar kowane akwati da mashi.

Mutanen da ke rikiɗa su zama dabba nau'i 5 ne a babinsu, ciki har da kyarkeci da ɓera da damisa, kuma makami ba ya cin su sai na azurfa ko na sihiri. Akwai kuma dila mai zama mutum, maƙaryaci mai sa barci da kallonsa, wanda ya dace da sunan malamin daji da muke ba shi. Abin da na nema na rasa shi ne mutum mai zama kura, wanda duk yaron da ya tashi a ƙasar Katsina da Daura ya ji labarinsa. Na ari lissafin ƙarfin da littafin ya ba kyarkecin na ɗora wa kura, na cire batun rikiɗa a daren cikar wata, na sa alamarsa ta zama sawun ƙafa da ke canzawa a bayan ganuwa, kuma ya zauna daram.

Zane-zanen suna da kyau ƙwarai, bangon yana da ƙarfi. Sai dai littafin da Turanci yake, farashinsa na asali ya kusa dala 50 ban da kuɗin kawowa, kuma jagora kaɗai ne ke buƙatarsa, don haka guda ɗaya ya ishi ƙungiya. An fitar da sabon bugu a 2025, wanda zai saya ya tabbatar da wanda ya dace da sauran littattafan da ke hannunsa. Ga jagoran da ya taso da tatsuniyar ɓaunar da ta zama budurwa domin ta ji asirin maharbi, ina ba da shawarar a saye shi, a fara da babin ɓarawon kama.