Bawul da sifirin na injin K24: ɗan Beljam ko sabo, sitenles ko taitaniyam?

Ɗan uwa, ka ce ka saka wa Accord ɗinka mai injin K24 kamshaf (sandar da ƙahonninta ke tura bawul ya buɗe) mai tsayin ƙahonni, kuma kana son ka riƙa kai ta juyi 8,000 a minti. Tambayarka biyu ce: ka ɗauki bawul da sifirin na kan inji ɗan Beljam da aka samo maka nan Gombe, ko ka yi odar sababbi? In sababbi ne, sitenles ko taitaniyam?

Bari in fara da sifirin, domin nan ne mutane ke asara. Kamshaf yana yin rabin juyin kiranshaf (babbar sandar da fistin ke juyawa), ke nan a juyi 8,000 kowane bawul yana buɗewa yana rufewa sau 4,000 a minti, kusan sau 67 a daƙiƙa ɗaya. Sifirin ne ke dawo da shi mazauninsa. Na kamfani an yi shi ne daidai da kamshaf na kamfani, ga shi na Beljam ya riga ya yi shekaru yana aiki, ba wanda ya san yawan tafiyar da ya sha. Ido ba ya gane gajiyarsa. In ya gaza, bawul zai makara wajen rufewa, fistin kuma ya taso ya same shi a hanya, domin a K24 wuri ɗaya suke rabawa. Na taɓa riƙe irin wannan bawul a wani gareji: kansa ya karkace kamar hular da aka tura gefe, ga tabon duka a saman fistin. Mai motar sifirin kawai ya ƙi saya.

Sabon sifirin mai ruɓi biyu, irin na kamfanin Supertech ko Ferrea, ya fi ƙarfi, kuma in ɗaya ya karye ɗayan na iya riƙe bawul ɗin kada ya faɗa cikin silinda. Amma kada ka je neman wanda ya fi kowanne tauri. Taurin da ya wuce kima yana cin ƙahon kamshaf da roka, wato ƙarfen da ke tsakanin ƙahon da bawul. Ka duba ƙarfin da masu kamshaf ɗinka suka rubuta, ka saya daidai da shi. Sannan bakanikenka ya auna ya tabbata zoben sifirin ba sa haɗewa idan bawul ya buɗe gaba ɗaya.

Batun bawul kuwa ya fi sauƙi. Taitaniyam ya fi ƙarfe rashin nauyi da kusan kashi 40 cikin ɗari, shi ya sa masu tsere ke ƙaunarsa. Sai dai su suna kwance inji a kai a kai. Yana da tsada, yana buƙatar mazauni na musamman, kuma da zarar rufin jikinsa ya goge sai ya fara cinyewa. Ka haɗa wannan da ƙurar hunturu a hanyar Gombe zuwa Bauchi, wadda matatar iska mai araha ba ta tare ta duka. Ni dai ban ga dalili ba. Sitenles ya fi juriya, yana zama a mazaunin da kake da shi, kuma ya ishi juyin da kake nema. Kai, in bawul ɗinka 16 na asali miƙaƙƙu ne ba su ƙone ba, ka bar su, ka sa kuɗin a sifirin da ritena, wato hular da ke riƙe sifirin a kan bawul. Da turbo ka ɗora wa injin, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, da sai mu yi maganar bawul na Inconel, wani ƙarfe mai jure zafi, a ɓangaren salansa.

Bayan an haɗa, a saita gibin bawul da fila geji (siraran ƙarafan auna gibi) injin yana sanyi, a kuma juya injin da hannu zagaye biyu kafin a taɓa makulli.