Littafin Kogin Nilu na yara: inda ya yi min rana da inda ya gaza

Duk wanda zai saya wa yaro littafin koyon karatu, hannunsa kan fara kaiwa ga na labari, mai zomo da kura da sarki. Wannan karon na ɗauko wani daban: ɗan littafin bayani a kan Kogin Nilu, irin wanda ake yi wa 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare. Babu jarumi a ciki, babu mugu, kogi ne kawai daga inda ya taso har inda ya faɗa teku. Na yi aiki da shi da 'yata mai shekara takwas da ƙaninta mai shida. Hukuncina shi ne, littafi ne mai kyau ƙwarai ga yaron da ya riga ya iya haɗa baƙi, amma ba shi zai koya masa haɗa baƙin ba, ko da kuwa bayan bangon ya yi alkawarin haka.

Siffarsa ba ta da wani abin mamaki. Takarda mai kauri da sheƙi, hotunan gaske ba zane ba, kowane shafi biyu da kanun magana ɗaya, jimla uku ko huɗu, sai ɗan rubutu a ƙarƙashin hoto. A farko akwai jerin abubuwan da ke ciki da taswira, a ƙarshe kuma ma'anar kalmomi masu wuya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka jera shi. Marubucin bai tsaya neman dabara ba, kogin ya bi. Ya fara da Tafkin Victoria inda Farin Nilu ke fita a Jinja ta ƙasar Uganda, ya ratsa fadamar Sudd a Sudan ta Kudu, ya koma Habasha ya ɗauko Shuɗin Nilu daga Tafkin Tana, ya haɗa su a Khartoum, ya bi hamada har Masar, ya wuce Alƙahira, inda kogin ke rabuwa kafin ya shiga Bahar Rum. Wannan jerin shi ne ya zame wa yarinyar igiyar riƙewa. Da can in ta gama karanta littafin bayani na ce ta faɗa min abin da ta ji, sai ta tsinto min abu ɗaya da ya ba ta dariya ta yi shiru. A nan kuwa sai ta ɗora yatsa a kan taswira tana bi: da farko kaza, daga nan kaza, bayan haka kaza. Ba ni na koya mata waɗannan kalmomin jerin ba, tafiyar ruwan ce ta tilasta mata su.

Shafin Khartoum ne muka fi daɗewa a kai. Hoton ya nuna ruwa iri biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraye, ɗaya ya fi ɗaya duhu. Ta kalle shi ta ce, "Umma, to wanne ne babba?" Na ce ban sani ba sai littafin ya faɗa mana, ta nemo. Ta fara juya shafuka da ka, na riƙe mata hannu na mayar da ita jerin abubuwan da ke ciki. Ta bi layi-layi har ta ga kanun da ke maganar duwatsun Habasha, ta karanta lambar shafin, ta je. Can ta tarar da jimlar da ke cewa mafi yawan ruwan da ke isa Masar daga ruwan saman da ke zuba a kan tsaunukan Habasha yake fitowa, duk da cewa Farin Nilu ya fi tsawo. Ta ɗago tana murmushi, "Ashe gajeren ne mai ruwan." Daga ranar na samu tambayar da nake yi mata a kowane shafi: nuna min inda aka rubuta. Littafin labari ba ya ba da wannan damar sosai, don in ka tambayi yaro me ya sa zomo ya gudu, yana iya amsawa daga kansa kuma ya yi daidai. Amma ba zai iya ƙirƙiro inda Shuɗin Nilu ya taso ba. Dole ya koma wa baƙaƙen.

Shi kuma ƙaramin rigimarsa da taswira ce. Ya ga kogin ya taso daga ƙasan shafi ya nufi sama, ya ce sam, "Ruwa ba ya hawa sama, Yaya ce ta riƙe littafin a kife." Maganarsa da hujja. Nilu arewa yake yi, arewa kuma ita ce saman taswira, shi kuwa a wajensa sama tudu ne. Littafin bai ce uffan a kan wannan ba, ko ɗan kibiya mai nuna arewa babu a taswirar, wanda a ganina sakaci ne ga littafin da aka yi wa 'yan shekara shida. Sai da muka shimfiɗa littafin a ƙasa, muka tokare ɓangaren kudu da matashi, ya ɗora ɗan dutsen wasansa a kan Tafkin Victoria ya sake shi ya gangara zuwa teku, sannan ya yarda. Yayarsa kuma ta koma ta karanto masa jimlar da ke cewa kogin daga ƙasashe masu tudu ya taso, don ta nuna masa ba ita ta kife komai ba.

Ban ɗauki lokacin da muka ɓata a kan irin wannan a matsayin kauce wa darasin karatu ba. A shekarar 1988 wasu masu bincike biyu a Amurka, Donna Recht da Lauren Leslie, sun ba ɗalibai wani rubutu a kan wasan baseball, wanda ake buga ƙwallo da sanda, sai ya zamana waɗanda ba su da ƙarfin karatu amma sun san wasan sun fi fahimtarsa a kan ƙwararrun karatun da ba su san shi ba. Abin da yaro ya sani shi ke riƙe masa abin da yake karantawa. Kuma irin waɗannan littattafan ba su cika samun shiga a ƙananan azuzuwa ba: wata mai bincike, Nell Duke, ta auna a wasu azuzuwan aji ɗaya a Amurka, binciken da ya fito a 2000, ta samu matsakaicin minti 3.6 kacal a rana ake ba rubutun bayani. Ni dai na ga amfanin a gida. Da maganar ambaliya ta taso a wani littafi daban, yarinyar ba ta yi tuntuɓe da kalmar ba, ta riga ta gan ta da hoto.

To sai inda ya gaza, kuma ba ƙaramin gazawa ba ne. Ga mai shekara shida da ke kan gaɓar "ba, be, bi", kalmomin sun yi nauyi: madatsa, ambaliya, mashiga, ga sunayen garuruwa da ko babba sai ya tsaya. Abin da ya fi damuna shi ne hotunan sun yi kyau har sun zama hanyar zamba. Ya ga kada ya buɗe baki a bakin ruwa, sai ya ce "kada" da ƙarfi yana nuna wata kalma da ko harafi ɗaya ba su haɗa ba. Wanda bai lura ba sai ya tafa masa. Wannan canki-canka ne, ba karatu ba, kuma in yaro ya saba da shi, ranar da hoto ya ƙare karatunsa ma ya ƙare. Dabarar da ta yi min aiki ita ce in rufe hoton da tafin hannu, ya fara kokawa da kalma ɗaya ko biyu gajeru, ruwa, kifi, teku, sannan in ɗaga hannun ya ga ko ya dace. Sauran shafin ni nake karanta masa, yana sauraro yana tambaya. Haɗa baƙi kuwa a wani littafi muke yi, mai kalmomin da aka zaɓa daidai da haruffan da ya sani.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da suka taru. A shafuka da dama an buga farin rubutu a kan hoton ruwa mai walƙiya, har sai an karkata littafin kafin a gani. An rubuta tsawon kogin kilomita 6,650 da manyan lambobi, ba tare da an gwada shi da wani abu da yaro zai iya hangowa ba, don haka yarinyar ta haddace shi ne kawai kamar lambar waya. Ma'anar kalmomin da ke ƙarshe wani lokaci ta fi kalmar kanta wuya.

Amma kuskuren da ban yafe ba shi ne na shafin ambaliya. An rubuta shi kamar har gobe kogin yana tumbatsa duk shekara yana bar wa manoman Masar baƙar ƙasa mai albarka. Wannan ya tsaya tun da aka kammala babbar madatsar Aswan a 1970. Littafin ya ambaci madatsar, har da hoton Tafkin Nasser da ya taru a bayanta, amma can gaba, kuma bai haɗa zancen biyu ba. Yarinyar ce ta tambaya, in an tare ruwan ta ina yake malalowa gonaki? Na ji daɗin tambayar, amma ba aikin 'yar shekara takwas ba ne ta gyara wa marubuci. Littafin da ke koya wa yaro cewa amsa tana cikin rubutu, wajibi ne rubutun ya zama daidai. Madatsar da Habasha ta fara ginawa a kan Shuɗin Nilu a 2011 ba ta ciki ko kaɗan, wannan kam ban riƙe shi da zafi ba, rigimar manya ce.

Ɗinkin tsakiya ma bai da ƙarfi, shafin taswira, wanda aka fi buɗewa, shi ya fara ɓallewa.

Ga malami ko uwa mai yaro ɗan shekara bakwai zuwa tara da ke karanta gajerun jimloli da kansa, zan ce a ɗauka, a gyara masa maganar ambaliya da baki, a zana kibiyar arewa da biro. Ga wanda bai kai nan ba, a buɗe shafin tsakiya tun kafin a biya kuɗi, a rufe hoton, a ce ya karanta. In ya maƙale a kalma biyar kafin shafin ya ƙare, littafin na a karanta masa ne tukuna, sai a haɗa da wani mai sauƙi wanda zai karanta da kansa.