Hedfon ko iyafis: abin da za ka duba kafin ka biya kuɗi a kasuwar Garwa

Yawancin cinikin abin sauraro a layin masu waya na babbar kasuwar Garwa ba ya wuce minti biyu. Mai shago ya fiddo kwali, ya jona a wayarsa, ya ƙure murya, ya saki waƙa mai dukan ƙirji. Mai saye ya gyaɗa kai ya ce, "Alhaji, wannan yana da bes," a yi ciniki a rabu. Abin da ba a gwada ba shi ne zai dame shi daga baya: ko zai iya sa shi awa biyu a watan Afrilu, ko zai ji maganar 'yan fim ba tare da ya riƙa mayar da baya ba, ko ƙarar harbi a Free Fire za ta iso kunnensa kafin a kashe shi ko bayan an kashe shi.

Babu guda ɗaya da ya fi kowa a waƙa da fim da wasa gaba ɗaya, sai dai in za ka zuba kuɗi masu yawa. Kuma a nan arewacin Kamaru zafi da ƙura da ɗaukewar wuta suna da ta cewa fiye da duk abin da aka rubuta a jikin kwali. Don haka fara da tambayar kanka a ina za ka fi sa shi, kuma na tsawon wane lokaci.

Hedfon babba mai rufe kunne gaba ɗaya shi ne ya fi burge ido, kuma gaskiya yana da faɗin sauti: kana jin kalangu a gefe guda, goge a ɗaya gefen, mawaƙi a tsakiya. Amma sosonsa yawanci an lulluɓe shi da fatar roba, wadda ba ta shan iska. A Ngaundere, inda tudu ya sa garin ke da sanyi, ba matsala. A Garwa ko Marwa ko Kusuri, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, rabin awa ya isa gumi ya taru a bayan kunne. Gumin nan kuma shi ke cin fatar robar har ta fara ɓarewa tana manne wa mutum a wuya. In ka nace sai babba, nemi wanda sosonsa na yadi ne, ko aƙalla wanda ake iya cire soson a sa sabo. Duba nauyinsa ma. Giram 250 zuwa ƙasa yana da daɗin ɗauka. In ya haura 300 za ka fara jin sa a tsakiyar kai. Mai sa tabarau ya gwada da tabarau ɗinsa a fuska, don soso mai tauri yana danne ƙafar tabarau a jikin ƙashi. Mai hula ya gwada da hularsa. Mata masu ɗaurin ɗankwali ko hijabi sun riga sun san babban hedfon ba ya zama daidai a kansu, shi ya sa galibinsu iyafis suke saye, kuma suna da gaskiya.

Akwai matsakaici, wanda ke zama a kan kunne maimakon ya kewaye shi. Ya fi sauƙin kuɗi da nauyi, amma yana matse kunne, kuma ba ya tare hayaniya sosai. Ni ba na ba da shawararsa ga mai dogon zama. Akwai kuma mai buɗaɗɗen baya, wanda masana kiɗa ke yabo saboda sautinsa yana fita wasai. Na kusa da kai zai ji duk abin da kake ji, kuma ƙurar hunturu za ta shige cikinsa kai tsaye. A bar shi ga mai ɗaki rufaffe.

Iyafis mai shiga cikin kunne shi ne ya fi dacewa da yanayinmu, kuma shi aka fi rainawa, don mutane sun saba da na jaka ɗaya da ake rataye a bakin titi, wanda kunne ɗaya ke mutuwa kafin wata ya ƙare. Na kirki daban ne. Kamfanonin China irin su KZ da Moondrop suna yin masu igiya da sautinsu ya fi na manyan hedfon da yawa da suka ninka su kuɗi, kuma a da dama daga cikinsu igiyar tana cirewa, in ta lalace sai ka sayi igiya kawai. Sirrin iyafis yana cikin 'yar robar bakinsa. Ana sa girma uku a kwali, ƙarama da matsakaiciya da babba, amma kusan kowa yana barin wadda ya tarar a jiki. In robar ba ta toshe kunne da kyau ba, bes ya zube, sautin ya koma siriri, sai mutum ya ce an cuce shi. Gwada dukansu ukun. Wani ma kunnensa na dama da na hagu ba girmansu ɗaya ba.

Wani abu da masu rubuta sharhi a Turai ba za su taɓa kawowa ba: alwala. Sau biyar a rana kana cire shi kana shafar kunne da ruwa. Bari kunnen ya bushe kafin ka mayar, don danshi da aka toshe a ciki yana jawo ƙaiƙayi da ciwon kunne, yana kuma toshe 'yar ragar da ke bakin iyafis. In za ka sayi mara igiya, duba ko an rubuta IPX4 ko sama da haka, alamar yana jure gumi da fantsamar ruwa. In lambobi biyu ne, kamar IP54, ta farkon tana nufin yana tare ƙura ma, wanda ba ƙaramin abu ba ne daga Disamba zuwa Fabrairu.

Mai igiya ko Bluetooth

Nan ne hanyar mai waƙa da mai wasa ke rabuwa. Bluetooth yana matse sauti, ya aika, abin sauraron ya warware, kuma wannan aikin yana cin lokaci, sau da yawa kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. A waƙa ba ka ma sani ba. A fim ma galibi ba damuwa, don manhajoji irin su YouTube suna ɗan jinkirta hoton ya yi daidai da murya. Wasa kuwa ba a iya jinkirta shi. A PUBG ko Free Fire, inda takun ƙafar abokin gaba ke gaya maka ta ina zai ɓullo, wannan ɗan jinkirin ya isa a gama da kai. Wasu iyafis, ciki har da na Oraimo da suka cika kasuwanninmu, suna da yanayin wasa da ke rage jinkirin, kuma yana taimakawa, amma bai kai igiya ba. Mai igiya ba shi da jinkirin da kunne zai ji, ba ya neman caji, kuma ya fi araha.

Masu buga ƙwallo a PlayStation su lura da wannan: PS4 da PS5 ba sa karɓar hedfon na Bluetooth irin na waya kai tsaye. Amma a jikin abin riƙewa na hannu akwai ramin igiya na milimita 3.5, duk iyafis mai irin wannan igiya da kake sa wa waya zai yi aiki a ciki. Wanda yake son mara igiya sai ya nemi mai zuwa da ɗan makulli na USB, wanda ke aiki a kan zangon 2.4 GHz. Shi kuwa rubutun "7.1", wato sauti mai zuwa ta kowane gefe, da ake bugawa da manyan baƙaƙe a kwalin hedfon ɗin wasa, tare da fitilu masu canza kala, kada ya ruɗe ka. A yawancinsu lasifika biyu ce a ciki, ɗaya a kowane kunne, sauran dabarar manhaja ce. Abin da ya fi amfani shi ne makirfo mai kyau, don abokan wasanka su ji ka ba tare da sun ji fanka da kukan awaki ba.

Kafin ka yanke shawarar igiya, juya wayarka ka duba gindinta. Yawancin Tecno da Itel da Infinix masu sauƙin kuɗi har yanzu suna da ramin. Apple ya cire shi tun iPhone 7 a 2016, manyan Samsung ma sun bi sahu. In babu rami, kana buƙatar ɗan mahaɗi na USB-C, kuma a nan mutane ke asara: wasu wayoyin ba sa aiki sai da mahaɗin da ke da na'urar juya sauti a cikinsa, mai arahar da babu komai a ciki shiru zai yi. Jona shi a wayarka a gaban mai shago.

Batun wuta kuma kowa ya sani. Arewa ta dogara sosai da madatsar Lagdo, kuma in ruwa ya ja baya a ƙarshen rani ana jin abin a jika. Ƙananan iyafis marasa igiya suna yin awa huɗu zuwa takwas kafin su koma akwatinsu, akwatin ma sai an caja shi. Batirinsu ƙanana ne, ba a canza su, kuma zafi yana saurin kashe su. Wanda ake bari a aljihun mashin a rana ba zai daɗe ba. Manyan hedfon sun fi juriya. Soundcore Life Q30 yana kai awa 40 ko da an kunna masa tsarin tare hayaniya, Sony WH-1000XM5 awa 30. Ko wanne za ka saya, tabbatar yana da ramin igiya, don in batir ya mutu ka ci gaba da ji. Ba duka ke da shi ba.

Tare hayaniya, wato abin da ake rubutawa ANC, dabara ce ta gaske. Ƙananan makirfo suna ɗaukar ƙarar waje, na'urar ta fitar da kishiyarta, su kashe juna. Yana aiki sosai a kan ƙara mai ɗorewa: injin bas a hanyar Marwa, janareton maƙwabci, jirgin ƙasan dare daga Ngaundere zuwa Yawunde. Muryar mutane da hon da kukan yaro kuwa suna ratsawa. Ɗan kasuwan da ke yawan tafiya zai ci moriyar kuɗinsa. Amma na kirki yana da tsada. Sony ɗin nan da dala 400 ya fito a 2022, sama da jaka 200 ke nan na sefa. In ka ga an rubuta ANC a kwalin jaka biyar, rubutu ne kawai. Kuma kada a sa shi a kan mashin, ko kai ke tuƙi ko goyo aka yi ka.

Yadda za ka gwada sautin

Je da wayarka da abin da ka saba ji. Kada ka fara da waƙa mai duka. Fara da murya zalla, ƙira'a ko tafsiri ko labaran rediyo, ka rage ƙara zuwa rabi. In muryar ta fito kamar mai magana daga cikin tulu, bes ya danne tsakiya, kuma haka za ka sha wahala a fim, musamman fassarar fina-finan Indiya inda mai fassara ke magana a kan kiɗa da ƙarar faɗa. Sannan ka sa waƙa mai kayan kiɗa da yawa ka ji ko kana iya rarrabe su. Saurari harafin "s" da "sh": in suna tsire maka kunne a shago, bayan awa guda kanka zai yi ciwo. A ƙarshe ka kira wani ka tambaye shi yadda yake jin ka.

Lambobin kwali ba su da yawan amfani. "20 Hz zuwa 20 kHz" iyakar jin ɗan Adam ne, kowa yana rubutawa. Wadda ya kamata ka duba ita ce ohm, mai nuna wahalar tura shi: 16 zuwa 32 waya za ta iya tura shi, amma na ɗakin ɗaukar waƙa mai 250, irin wani samfurin Beyerdynamic DT 770, a waya murya ƙasa-ƙasa zai ba ka. Su aptX da LDAC kuma, hanyoyin aika sauti ta Bluetooth, sai wayar da hedfon ɗin duka suna da su suke aiki, iPhone ba ta da ko ɗaya, AAC take amfani da shi. In ma waƙoƙinka daga mai turi ka karɓo a memori ko ta Xender, an riga an matse su, LDAC ba zai dawo da abin da ya ɓace ba. Kada ka biya kuɗinsa.

Jabu ya yi yawa, musamman AirPods da JBL. Farashi ne shaida ta farko. Ta biyu, sauke manhajar kamfanin a wayarka ka ga ko za ta gane shi. JBL da Soundcore da Oraimo duk suna da tasu. Tun iOS 16 iPhone kan yi gargaɗi in ta kasa tantance AirPods. Gara Oraimo na gaske da AirPods na ƙarya, ko da kuɗinsu ɗaya. Kuma ka yi magana da mai shago tun kafin ka biya: "Alhaji, in kunne ɗaya ya ɗauke cikin mako, zan dawo da shi?" Yadda ya amsa zai gaya maka abin da shi kansa ya sani game da kayan.

Ƙarar da kake sawa ma tana cikin lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jin ƙara mai ƙarfin desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma a desibel 90 awa 4 ne kacal. Abin sauraron da ba ya toshe hayaniyar kasuwa shi ke sa mutum ya ƙure murya, don haka wanda ya zauna daram a kunne ya fi kare ji.

In kuɗinka kaɗan ne kuma kana son abu ɗaya ya yi maka duka ukun, sayi iyafis mai igiya na kirki, mai makirfo, wanda igiyarsa ke cirewa. In waƙa da kira ne yawan aikinka kana yawo cikin gari, mara igiya mai IPX4 daga kamfanin da ke da wakili a kasuwa. Babban hedfon mai ANC na matafiyi ne da mai aiki kusa da janareto, shi ma ya haɗa da ƙaramin iyafis na watannin bazara.