Harsashin dalma mai tsini da mai faffaɗan baki: wanne ya fi saiti?

Malam, tambayar da ka jefo mana a gurup cewa ka ga masu gasar harbi a Amurka suna zuba harsashin dalma da kansu amma mafi yawa bakinsa a daddale yake, alhali kai a tunaninka mai tsini shi ya kamata ya fi tsaga iska ya fi samun abin da aka auna, toh tambaya ce mai kyau sosai, sai dai abu biyu ne ka haɗa wuri ɗaya. Tsaga iska daban, saiti daban. Kuma a harsashin zubi sau da yawa wanda ya ci na farko shi ke faɗuwa a na biyu.

Ta wajen iska kam ba gardama, mai tsini ya fi. Faffaɗan baki tura iska yake gabansa, gudunsa na raguwa da wuri, yana saurin faɗowa ƙasa, kuma da yake yana daɗewa a hanya iskar gefe tana samun lokacin karkatar da shi. Bambancin ya fi fitowa in harsashi ya wuce gudun sauti, wato wajen mita 343 a daƙiƙa. Shi ya sa sojan Faransa suka koma mai tsini a 1898, Jamus ma ta bi baya ba da jimawa ba. Amma lura da abu ɗaya, na Faransa tagulla ce zalla, na Jamus kuma dalma ce aka sa mata rigar ƙarfe. Ba dalma tsirara ba ce.

Anan ne maganar take. Dalma laushi gare ta. Lokacin da albarushi ya kama, bugun da harsashi ke sha daga baya ba ƙarami ba ne, shi kuma dogon tsinin nan bai taɓa jikin bututu ba, babu abin da ya tokare shi, sai ya ɗan lotsa ko ya karkata gefe tun kafin ya fita, ido ba zai gani ba amma allon harbi zai nuna maka. Mai faffaɗan baki kuwa gajere ne, kusan duk jikinsa na manne da bututu, a miƙe ya shiga a miƙe zai fita. Ka ɗauki wanda ake kira wadkota, shi ba ma baki gare shi ba, gaba da baya duk a yanke, nauyinsa bai kai giram 10 ba a bindigar hannu ta .38, gudunsa ɗan sama da mita 200 a daƙiƙa. A ido ka ce ba zai yi komai ba, amma a yadi 25 zuwa 50 da shi ake cin gasa, kuma yana huda takarda tsaf da'ira mai kyau yadda alƙali ba zai yi shakkar maki ba. Wuce nan kuma sai ya fara tangaɗi. Elmer Keith, wani masanin bindiga ɗan Amurka, a 1928 ya nemi tsaka-tsaki, ya fito da ƙira mai ɗan hanci da faffaɗan baki da kafaɗa mai kaifi, har yau ana zuba ta.

Sai maganar juyi, wadda ni a ganina ita ce zuciyar abin. Dogon harsashi iska kullum so take ta kifar da shi ya koma tafiya a gicciye, abin da ke hana hakan shi ne tsagin nan mai murɗiya da ke cikin bututu wanda ke sa shi juyawa, kamar dai katantanwar da yara ke murzawa, muddin tana juyi tana tsaye. Iya tsawon harsashi iya juyin da yake buƙata, George Greenhill, wani masanin lissafi ɗan Ingila, ya fitar da lissafin wannan tun 1879. Mai tsini dole ya fi tsawo in nauyinsu ɗaya da mai faffaɗan baki, kenan yana son murɗiya mai tsanani, ita kuma dalma in ka haɗa mata murɗiya mai tsanani da gudu mai yawa sai ta kasa riƙe tsagin, ta goge a jikin bututu ta bar datti, harbi na gaba ya fi na baya lalacewa. Yi lissafin da kanka, harsashin da ke gudun mita 600 a daƙiƙa a bututun da ke juya shi sau ɗaya duk santimita 30, yana juyawa sau 120,000 a minti ɗaya. Yanzu ka ce akwai 'yar kumfar iska da ta ɓuya a gefe ɗaya lokacin zubi. Ai dole ya yi wutsil-wutsil. Dalilin kenan da za ka ga masu gasa suna ɗora harsasansu a sikeli ɗaya bayan ɗaya suna ware duk wanda nauyinsa ya gaza.

Abin da mutane ba su cika kula da shi ba kuma shi ne gindi. Wani likita ɗan Amurka, Franklin Mann, ya yi shekaru yana gwaji ya wallafa a 1909, ya nuna cewa in ka ɓata hancin harsashi saiti ba ya lalacewa sosai, amma in ka ɗan ɓantare gindin sai ya kauce, saboda a daidai lokacin fita hayaƙi zai riga tsere ta gefen da ya ɓantare ya tunkuɗa shi. Dan haka gindi mai siririn wutsiya da ke taimakon harsashin soja a nesa ba a cika yinsa a zubi ba, an fi son gindi a daddale mai kaifin gefe wanda zai toshe hayaƙi. Minié ma, wani hafsan sojan Faransa, a 1849 da gindi ya gyara lamarin, ya yi masa rami yadda zai buɗe ya kama tsagi, shi ne harsashin da ya yi ɓarna a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Kafin nan mafi yawan sojoji dunƙulallen harsashi suke harbawa a bututu mai santsi, irin tsarin adakar mafarautanmu, wanda bayan yadi 100 sai dai sa'a.

Kada kuma ka ɗauka dalma ba ta zuwa nesa. A gasar filin harbi na Creedmoor da ke New York ta 1874 tsakanin Amurka da Ailan an yi harbi a yadi 800 da 900 da 1,000 da harsashin dalma, Amurka ta ci da maki 934 da 931. Sun yi hakan da dogon harsashi mai nauyin fiye da giram 30, hanci mai ɗan zagaye, gudu matsakaici. Nauyi ne ya riƙe musu gudu, ba tsini ba.

In tambayarka a kan yadi 100 zuwa ƙasa ne, ni mai faffaɗan baki zan ba wa, dan a wannan tazarar ribar tsini ba ta kai asarar da yake jawowa ba. In kuma an wuce yadi 300 faffaɗan baki ya fita a lissafi, sai dogo mai nauyi mai zagayayyen hanci wanda gabansa ke kwance a kan tsagi, shi kuwa tsini sosai a bar wa mai rigar jan ƙarfe.