Bizar Yuganda ta intanet: dala 50 ce, abin da ya hau kai kuɗin rashin sani ne

Shekara ashirin da ɗoriya ina harkar albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma in ban da aikin Hajji da na je sau ɗaya, duk fitata waje ba ta wuce Kwatano da Accra ba. Can kuwa babu mai tambayarka biza, fasfonka na ECOWAS ya ishe ka. Hajjin ma hukumar alhazai ce ta yi komai, ni dai na kai kuɗi na kai fasfo. Shi ya sa ranar da ɗiyata ta bugo daga Mbale ta ce an sa ranar bikin yaye su a Jami'ar Musulunci ta Yuganda, tana so ni da mahaifiyarta mu je, sai maganar biza ta tsaya mini a rai. A zatona sai na hau mota zuwa Abuja na kama layi a ƙofar ofishin jakadanci.

Wani abokin ciniki ya haɗa ni da wani yaro mai ɗan ofishin tafiye-tafiye a Agege, irin waɗanda suka manna hoton jirgi da na Ka'aba a ƙofa. Ya karɓe ni da girmamawa, har da ruwan sanyi. Ya ce, "Alhaji, bizar Yuganda yanzu ta yi wuya, amma muna da hanya. Dubu 190 kowane mutum, kwana goma." Kuɗin mutum biyu ba su cika a hannuna a ranar ba, kaya na kan hanya daga Aliero ban biya direba ba, sai na ce ya fara da ta uwargida. Na ba shi dubu 120 kafin alƙalami, na bar masa fasfonta.

Da dare na gaya wa yarinyar a waya, ina jin na yi abin kirki. Shiru ta yi, sannan ta ce, "Baba, dala 50 ce fa. Kowa da kansa yake yi a waya." Na ce ke dai yi karatunki, ba ki san Legas ba. Ta ce to in kira ɗan ƙanwata da ke taya ni a rumfa, za ta turo masa adireshin shafin.

A lokacin dala tana wajen naira 1,500. Dala 50 ke nan dubu 75 ko kusa da haka. Na kwana ina wannan lissafin.

Washegari bayan la'asar, kasuwa ta ɗan lafa, muka zauna a kan buhunan albasa ni da ɗan ƙanwar tawa. Abu na farko da ya nuna mini, wanda nake so duk mai karanta wannan ya riƙe, shi ne abin da ke fitowa in ka rubuta neman bizar Yuganda a Google. Shafukan da suka fara bayyana a sama ba na gwamnati ba ne, na ƴan kasuwa ne da suka biya kuɗin talla. Sun sa tutar ƙasar, baƙi da rawaya da ja, har da tsuntsun gaurakan nan da ke tsakiyarta, ka rantse ofishin shige da fice ne. Mun shiga ɗaya don mu gani. Fom ɗinsa ma ya fi na gwamnati kyau, amma da muka gangara wajen biya, kuɗin ya ninka har ya wuce. Na gaskiyar shi ne visas.immigration.go.ug. Yaron ya ce, "Kawu, ka duba wutsiyar adireshin. In ba go.ug ka gani ba, dillali ne."

Shafin kansa ba shi da wani ado, kuma da Turanci yake. Za ka zaɓi irin bizar da kake so. Ta yawon buɗe ido ko ziyara, shiga sau ɗaya, ita ce dala 50. Sai suna kamar yadda yake a fasfo, lambar fasfo, ranar bayarwa da ranar ƙarewa, inda za ka sauka, da wanda za ka je wurinsa. Fasfon dole ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Abubuwan da aka ce mu ɗora su ne shafin fasfo mai hoto, hoton fuska, da katin rigakafin shawara, wanda kowa ke kira yalo kad. Mun haɗa da takardar tikitin dawowa.

Yalo kad ɗin nan kada kowa ya ɗauke shi da wasa. Nawa yana nan tun wata tafiya ta baya, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, don haka ban sake ba. Na uwargida kuwa ya ɓace a ƙaura, sai da muka je wajen ma'aikatan lafiya na filin jirgin Murtala Muhammed a Ikeja aka yi mata sabo. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana goma. Wanda ya bari sai saura mako guda tafiya, ya ja wa kansa.

Hotuna sun ɗan ba mu aiki. Wayoyin yanzu hotonsu nauyi gare shi, shafin kuma ƙarami yake so. Yaron ya ɗauki fasfona ya shimfiɗa a kan wani kwali, hasken kwan rumfa ya haska ledar shafin har lambar ba ta fita. Ya fita da shi waje, wani mai baro ya kusa bi ta kansa. A karo na uku aka samu, ya rage nauyinsa da wata manhaja, ya shiga. Duka-duka cika fom ɗin bai kai minti arba'in ba, har da tsayawar da na yi na sallami wata mata da ta zo sayen rabin buhu.

Sai wajen biya. Nan ne fa aka sha zufa, kuma ba laifin shafin ba ne.

Ni mutum ne da ƴan canji suka sani. In dala 50 ce a hannu, waya ɗaya zan yi a kawo mini har rumfa. Amma shafin ba ya karɓar kuɗin hannu, ba ya karɓar tiransifa, sai kati irin Visa ko Mastercard da ke aiki a waje. Waɗanda suka yi sayayya ta intanet sun san tun wajen 2022 yawancin bankunanmu suka rufe katin naira daga biyan kuɗin waje, sai a tsakiyar 2025 wasu suka fara buɗewa, kowanne da iyakar da ya sa. Na ɗauka nawa yana cikin waɗanda aka buɗe. Muka sa lambobin, muka jira lambar sirrin da banki ke turowa. Ba ta zo ba sai da lokacinta ya wuce. Muka sake. Wannan karon ta zo, muka shigar, abin ya yi ta juyawa, sai ga alat a wayata an cire kuɗi, shafin kuma ya ce biya bai shiga ba.

Na dubi yaron, ya dube ni. Na ce, "Kai, ka ga abin da nake gudu ke nan." Ya ce in yi haƙuri, za su dawo. Da safe na je reshen bankin, na cika takardar ƙorafi, wata yarinya ta ce in jira kwanakin aiki kaza. A ƙarshe wani maƙwabcina a Agege mai shigo da kayan waya, wanda ke da asusun dala da katinsa, shi ya biya mini a minti biyu. Abin da aka cire masa dala 50 ne da ɗan cajin kati a kai. Na mayar masa da naira a farashin ranar, ya ƙi karɓar ko sisin la'ada.

To ga inda nake ganin kowa ya buɗe ido. Kuɗin bizar nan, in biya ya shiga, ba a mayarwa. Ko an hana ka, ko ka fasa tafiya, ko kai ne ka rubuta lamba ba daidai ba, sun tafi. Yaron ya kusa sa sifili a wurin harafin O cikin adireshin imel ɗinsa, ni kuma ranar haihuwata da na faɗa da ka ta saɓa da wadda ke cikin fasfo, kun san yadda aka yi wa irinmu shekaru. Da ba mu sake karantawa layi-layi da fasfo a buɗe ba, da dubu 75 ta bi ruwa. Ga mai dala a aljihu wannan ƙaramin abu ne. Ga mai sayar da albasa, ribar buhuna da yawa ce.

Kwana huɗu bayan biya, saƙo ya shigo imel: takardar amincewa, shafi ɗaya, da sunana da lambar neman. Ita ba bizar ba ce tukuna, izini ne ka hau jirgi ka je a manna maka a can. Muka buga ta kofi biyu a wani kafe kusa da masallaci.

Ta uwargida kuwa sai da ta cika kwana goma sha ɗaya. Da na je karɓa, yaron ofishin ya ce ta fito tun tuni, cikon dubu 70 yake jira. Da imel ɗinsa ya cika fom ɗin, don haka takardar a hannunsa take, fasfon ma haka. Na biya, don ba ni da zaɓi. Ya miƙo mini, na fito da tawa daga aljihu na ajiye su kusa da juna a kan teburinsa. Iri ɗaya sak, sai suna da lamba. Na ce, "Ɗana, wace hanya ce kuke da ita da ta fi wannan?" Ya yi dariya ya sosa ƙeya, ya ce, "Alhaji, ai kowa da inda yake ci."

Ba zan ce masa ɓarawo ba. Ni ma dillanci ya raine ni, na san la'ada halal ce. Yana da haya, yana da janareta, yana da katin dala, kuma akwai dattawan da ba su da ɗa ko jikan da zai zauna ya cika musu fom da Turanci. Da ya ce mini biza dala 50 ce, aikina dubu 20, wallahi da hannu biyu zan ba shi. Abin da ya ɓata mini rai shi ne "ta yi wuya" da "muna da hanya". La'adar da ta fi kuɗin kaya kuma, a kasuwarmu ma ba ma kiranta la'ada.

Ya so ma ya sayar mini da wata, bizar Gabashin Afirka, wadda ake shiga Yuganda da Kenya da Ruwanda da ita cikin kwana 90. Gaskiya ce akwai ta, dala 100 ce a hukumance. Amma ga mai fasfon Najeriya ban ga amfaninta ba yanzu. Ruwanda ta buɗe wa ƴan Afirka ƙofa, Kenya kuma, bayan ta kawo tsarin izinin intanet a Janairun 2024 mai kusan dala 30, ta ɗage wa yawancin ƴan Afirka shi a 2025. Me za ka biya ninki a kai? Irin waɗannan dokoki dai canzawa suke yi, mutum ya duba na ranar da zai tafi.

Mun tashi daga Ikeja kai tsaye zuwa Entebbe, hanyar da Uganda Airlines ya buɗe a 2023, tafiyar awa huɗu da wani abu, agogonsu kuma yana gaban namu da awa biyu. Tun a Legas aka nemi ganin takardar amincewar kafin a ba mu katin shiga jirgi. A Entebbe yalo kad aka fara dubawa. Daga nan layin shige da fice: jami'ar ta karɓi takarda da fasfo, ta tambayi wurin wa muka zo, na ce bikin ɗiyata a Mbale, ta ce tana taya mu murna. Aka ɗauki hoton fuska da yatsu, ta manna biza ta buga hatimi. Ba a nemi ko sisi ba. Uwargida da lalle a yatsu, na'urar ta ƙi karanta na dama sai da ta goge da bakin mayafi ta sake dannawa.

In maki zan ba tsarin, takwas cikin goma. Ya hutar da ni zuwa Abuja, kuma abin da aka rubuta shi aka karɓa. Biyun da na rage na Turanci ne da na kati, don mutumin da ba shi da yaro mai waya ko maƙwabci mai asusun dala, hanyarsa ɗaya ce, ya koma wajen mai hoton jirgi a ƙofa.

Kuɗin da bankina ya cire kuwa, muna cikin mota tsakanin Jinja da Mbale, mun wuce gadar Kogin Nilu ke nan, yaron ya kira ni daga rumfa ya ce alat ya shigo wayar da na bar masa. Sun dawo, bayan mako uku. Na ce nawa? Ya karanta. Sun gaza da naira 1,800, kuma har yau ban samu ranar da zan bar rumfa in je in tambaya ba.