Hular ƙwallon ruwa mai tambarin Pro Recco a wani shago na Nima

Wani shagon kayan wasanni da ke Nima, a Akra, yana sayar da hular ƙwallon ruwa (water polo, wasan ƙwallon hannu a cikin ruwa) mai tambarin Pro Recco, kulob ɗin Italiya da aka kafa a 1913 a garin Recco, kusa da Jenowa. Tambarin ba na banza ba ne, domin kulob ɗin ya fara cin gasar Italiya a 1959, a zamanin ɗan wasansa Eraldo Pizzo wanda ya ci zinare a Olamfik na Roma a 1960, sannan kulob ɗin ya ɗauki kofin zakarun Turai a 1965, ya kuma jera shi sau uku daga 2021 zuwa 2023.

Hular kanta tana da inganci. Yadinta yana saurin bushewa, kuma robar da ke kare kunne tana da ƙananan huduji, ta yadda ɗan wasa zai ji usur ɗin alƙali. Sai dai igiyar haɓar gajera ce, kuma ɗinkin lambar ya fara warwarewa da wuri. Farashin ma ya ɗan yi tsada, ga shi mai shagon ba ya yarda da ciniki.