Spider-Man a PS4 ko a kwamfuta: amsa ga ƙanena na Marwa

Ƙanena, ka ce ka tara 'yan kuɗinka amma ka rasa inda za ka sa su: ko ka sayi PS4, na'urar wasan kamfanin Sony, ta hannu da faifan Spider-Man, ko ka sa wasan a laftof ɗinka tunda kowa na cewa na kwamfuta ya fi kyau. Na buga duka biyun har ƙarshe, ɗaya a ɗakina nan Garwa, ɗayan a na'urar wani abokina mai aikin zanen gine-gine. Ga abin da idona ya gani.

Wasan dai ɗaya ne. Kamfanin Insomniac ya ƙirƙire shi, Sony ya fitar da shi a PS4 a watan Satumban 2018. Wanda ya iso kwamfuta ranar 12 ga Agustan 2022 shi ne wanda aka yi wa kwaskwarima saboda PS5, magajiyar PS4, wani kamfanin ƙasar Holan mai suna Nixxes ya daidaita shi. Labarin bai sauya ba: Peter Parker mai shekara 23, ya yi shekara takwas yana sanye da rigar gizo-gizo, kuɗin haya na neman gagararsa, Inna May tana hidima a gidan marasa galihu, shi kuma yana aiki ƙarƙashin Dakta Octavius. Abin da ke kama zuciya shi ne lilon nan tsakanin dogayen benayen Manhattan. Ka faɗo daga ƙololuwar bene, sai ƙasa ta matso ka harba zare, ka wuce dab da rufin motocin haya masu ruwan ɗorawa, kiɗa na tashi tare da kai. Wallahi daren farko na yi fiye da awa guda ban taɓa aiki ko ɗaya ba, yawo kawai nake. Wannan daɗin yana nan cif a PS4.

Na kwamfuta ya fi kyan gani, babu musu. PS4 tana tafiya da hoto 30 a daƙiƙa, kwamfuta mai ƙarfi tana kai 60 har ta wuce, kuma hannunka zai ji bambancin a faɗa, musamman wajen kauce wa harsashi. Idan katin hoton mai ƙarfi ne, za ka manne a jikin gilashin bene ka ga inuwarka da titin da ke bayanka suna motsi a ciki. Ƙarin babi uku na labarin, inda Black Cat da Hammerhead da Silver Sable suke, suna cikinsa tun daga farko. Abu guda ne bai kwanta mini ba: sun canza fuskar Peter, suka sa ta wani mai ƙuruciya. Tsohuwar fuskar tana da alamar gajiyar wanda rayuwa ta wahalar, da ita na saba, kuma a wurin da labarin ya taɓa Inna May ita ce ta sa ni ƙwalla.

To amma wace kwamfuta? Nan ne gizo ke saƙar. Mafi ƙarancin abin da wasan ke nema shi ne RAM, wato ma'ajiyar aikin kwamfuta, mai giga 8, katin hoto irin GTX 950, da fili giga 75. Don ya tafi yadda ake yabonsa kuwa, sai giga 16 da GTX 1060 ko abin da ya fi shi. Yawancin laftof ɗin da muke saye don makaranta da ofis ba su da katin hoto na daban. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka duba wajen GPU, wato katin hoto. In Intel HD ko UHD kaɗai ka gani, kada ka ɓata kuɗinka. Sannan ka lissafa giga 75 da kuɗin datarmu, ka haɗa da katin banki da za ka biya a Steam, shagon intanet da ake sayen wasan. Wanda ake kwafa wa mutane a kebul a bakin kasuwa kuma, na ga ya cika wa wani yaro na'ura da ƙwayar cuta har ya rasa takardun karatunsa.

Sai zafi. Ka san watan Afrilu a Marwa, ya kan haura 40. Laftof ɗin abokina, da ƙarfinta da komai, in rana ta take sai fankarta ta yi ta kuka, hoton ya fara tsinkewa, dole mu ɗora ta a kan bulo biyu mu juyo mata fankar ɗaki. PS4 ma tana ihu in ƙurar hunturu ta toshe ta, amma a buɗe a busa mata iska, ta dawo daidai. Wuri ɗaya da laftof ta yi mata fintinkau shi ne ɗaukewar wuta: batir zai ba ka damar fita lafiya, ita kuwa PS4 mutuwa take yi nan take, in an dawo da wuta ta tsaya duba ma'ajiyarta. Samo mata ɗan abin riƙe wuta in da hali.

Ni a matsayinka PS4 zan saya. Faifai ne, ka sa ka buga ko babu intanet, in ka gama ka yi musaya da wani. Wasan Spider-Man na Miles Morales na 2020 ma yana tafiya a kanta; Spider-Man 2 ne kawai ba za ka samu ba, shi sai PS5 ko kwamfuta. Kafin ka miƙa sefa ko ɗaya, a kunna maka ita a shagon ta yi minti 20 kana sauraron fankar, ka juya sandunan manet, wato abin buga wasan, ka ga ko hoton na zamewa da kansa. Ka buɗe faifan ka tabbatar akwai Faransanci in shi kake so, don ba kowane bugu ke da shi ba. In mai shago ya ce maka bugun da ke da ƙarin babi ukun ne, ka sani lambar saukewa ce ake sakawa a cikin kwalin, kuma a na hannu galibi mai shi na farko ya riga ya yi amfani da ita, don haka kada ka ƙara ko dala a kanta.